Kiwon tsaka mai zanen damisa: Ɗakinta, shimfiɗarta da yadda take hayayyafa

A Turai, Amurka da Japan, tsaka mai zanen damisa na cikin dabbobi masu jan ciki da aka fi ajiyewa a gida don sha'awa. Asalinta daga ƙasashen Afganistan, Pakistan da arewa maso yammacin Indiya ne, kuma masanin dabbobi Edward Blyth ne ya bayyana ta a kimiyyance a shekarar 1854. Ta sha bamban da tsakar da aka saba gani a bangon ɗaki: tana da fatar ido da take rufewa, ba ta da tafin ƙafa mai manne wa bango, a ƙasa take rayuwarta. 'Yar uwarta ta kusa ita ce tsaka mai kaurin wutsiya da ake samu a dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da Najeriya. Tsawonta kan kai santimita 20 zuwa 25, kuma idan ta samu kulawa takan rayu shekara 15 zuwa 20.

Akan ajiye ta a akwatin gilashi mai faɗi, tunda ba hawa take yi ba. Da yake jikinta ba ya samar da ɗumi da kansa, sai a ɗumama ɓangare ɗaya zuwa digiri 30 ko 32 a ma'aunin Salshiyos, a bar ɗayan a kusan digiri 24, ita kuma ta riƙa zaɓar inda ya yi mata. Tana buƙatar maɓoya a kowane ɓangare, da ta uku mai danshi domin lokacin saɓa. Idan tsohuwar fata ta bushe a yatsunta, takan ɗaure su har jini ya daina gudana, yatsan ya guntule. Maza biyu kuwa ba sa zama wuri ɗaya, faɗa za su yi.

Inda masu kiwo suka fi yin asara shi ne wajen shimfiɗa. Da yawa na ɗauka cewa tunda dabbar busasshiyar ƙasa ce, yashi ne ya dace da ita, alhali a mahaifarta kan duwatsu da taurarriyar ƙasa take yawo. Idan ta kai wa ƙwaro cafka takan haɗiye yashi tare da shi, a hankali ya taru ya toshe mata hanji. Sai ta daina cin abinci, ta daina kashi, cikinta ya kumbura, kitsen da take tarawa a wutsiya ya zube. Yashin da ake sayarwa da sunan yana ɗauke da sinadarin kalsiyam ya fi muni, domin tsakar da jikinta ke ƙarancin sinadarin da gangan take lasarsa. Haɗarin na ƙaruwa idan akwatin ya yi sanyi, saboda abinci ba ya narkewa da kyau. Shi ya sa ake shimfiɗa wa ƙanana da marasa lafiya takardar goge hannu, manya kuma tayil ko faffaɗan dutse. Wasu ƙwararru na amfani da ƙasa da aka cakuɗa da yumɓu aka daddaɓe, amma wannan sai wanda ya riga ya iya daidaita zafi da abinci.

Abincinta ƙwari ne masu rai, kamar gyare, fara da kyankyaso na kiwo, waɗanda ake barbaɗa wa garin kalsiyam da bitamin D3. Rashin hakan na sa ƙasusuwa su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe.

Ba a haɗa mace da namiji sai ta kai nauyin kusan giram 45 zuwa 50. Takan saka ƙwai biyu a lokaci guda, ta maimaita bayan mako biyu zuwa huɗu har ƙarshen kakar, abin da ke cin jikinta matuƙa. Ba a juya ƙwan bayan an ɗauke shi. Abin mamaki, zafin wurin ƙyanƙyasa ne ke yanke jinsin ɗan: kusan digiri 26 zuwa 27 na ba da mata, digiri 31 zuwa 32 kuma galibi maza, kuma zafi na gaggauta ƙyanƙyasar.

Neman launi mai tsada ya jawo wa dabbar wahala. Nau'in da ake kira Enigma na fama da larurar jijiyoyi da ke sa shi juyi da rasa daidaito. Nau'in Lemon Frost kuma, wani bincike da masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka wallafa a 2021 ya danganta launinsa da ƙari a fata, wanda ke kama mafi yawansu.

Kamar sauran masu jan ciki, tana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, don haka likitocin dabbobi ke shawartar a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta ko an share akwatinta, musamman a gidan da ke da ƙananan yara.