Cin abinci a gidan abincin Tailan: Abin da baƙo zai sani kafin ya ɗauki cokali

A kasuwannin Maradi, Damagaram da Yamai, sunan Tailan ya fi fitowa a jikin buhun shinkafa. Amma ɗan kasuwar da ya sauka a Bankok don sarin kaya a unguwar Pratunam, ko ɗalibin da abokai suka gayyata gidan abincin Tailan a Paris ko Brussels, yakan tarar da cewa sanin shinkafar daban, sanin yadda masu ita ke ci kuma daban.

A harshen ƙasar, idan za a ce "cin abinci" sai a ce "kin khao", wato cin shinkafa. Ita ce uwar tebur, sauran duk mahaɗi ne. A tsakiyar ƙasar ana cin shinkafa mai ƙamshi da ake kira Hom Mali, a arewa da yankin Isan na arewa maso gabas kuwa mai danƙo ce, ana kawo ta cikin ɗan kwandon gora, a gutsura da hannu a dunƙule a tsoma cikin miya. Wanda ya tashi da tuwo ba zai ji baƙunta ba a nan.

Ba kowa da kwanonsa ba

A gidan abinci na gargajiya ba a bin tsarin Turawa na kawo abinci ɗaya bayan ɗaya. Miya, soye, ganye da romo duk ana jera su a tsakiya, kowa da farantin shinkafarsa. Ladabin shi ne ka ɗebi cokali ɗaya ko biyu, ka cinye, sannan ka ƙara. Tula komai a faranti lokaci guda ana ganinsa a matsayin haɗama.

Ana riƙe cokali a dama, cokali mai yatsu a hagu, aikinsa kawai tura abinci cikin cokalin, ba a kai shi baki. Tsinken cin abinci irin na Sinawa sai idan taliya aka kawo. Wuƙa ba ta zuwa tebur, domin an riga an yanka komai ƙanana.

Masu girkin ƙasar suna neman haɗa tsami, zaƙi, gishiri da yaji a loma ɗaya. Romon tom yum kung, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, ana yin sa da jatan lande, lemun tsami, barkono da wata saiwa ƴar'uwar citta. Taliyar pad thai, wadda gwamnatin Firaminista Phibunsongkhram ta tallata a shekarun 1940, tsaminta daga tsamiya yake, ana kuma barbaɗa mata dakakkiyar gyaɗa. Som tam kwaɗon ɗanyar gwanda ne da ake kirɓawa a turmi, kuma a Isan ana zuba masa pla ra, kifin da aka tsima na watanni. Warinsa na korar baƙo, kamar yadda daddawa ke yi wa wanda bai saba ba.

Batun halal

Nan ne ake buƙatar lura. Fiye da kashi 90 cikin 100 na al'ummar Tailan mabiya addinin Buda ne, kuma naman alade na cikin abincinsu na yau da kullum. Matsalar ita ce ba kullum ake ganinsa ba. Yana iya ɓuya a romon taliya, a cikin wainar ƙwai, ko a man da aka yi suya da shi. Saboda haka neman "kaza" kawai bai wadatar ba, balle ga batun yanka da kuma kaskon da aka soya wani abu a cikinsa yanzu-yanzu.

Kalmomin "mai sai mu" na nufin kada a sa alade, "mai phet" kuma kada yaji ya yi yawa. Suna taimakawa, amma abin da ya fi kwantar da hankali shi ne neman tambarin halal na Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta Tailan. Gidajen abincin Musulmi suna da yawa a Bankok, musamman kusa da masallatai da unguwar Nana, inda Larabawa da ƴan Afirka ke sauka. A lardunan kudu kamar Pattani, Yala da Narathiwat kuwa, Musulmi ne suka fi rinjaye.

Ruwan kifi na nam pla, wanda ke maye gurbin gishiri a kusan kowane girki, ba abin damuwa ba ne ga mai bin mazhabar Malikiyya, tunda ta halatta abin da ke rayuwa a ruwa. Mai rashin lafiyar da gyaɗa ko jatan lande ke tayarwa shi ne ya kamata ya faɗa tun kafin a ɗora tukunya.

Musulmin ƙasar ma suna da nasu rabon a wannan tebur. Miyar massaman, ta nama da dankali da madarar kwakwa da kirfa, ana danganta asalinta da fataken Musulmi, kuma a 2011 CNN ta sa ta a sahun farko cikin abinci 50 mafi daɗi a duniya. Akwai kuma khao mok kai, dafa-dukar shinkafa da kaza mai launin kurkum.

Yaɗuwar waɗannan gidajen abinci a duniya ba haka kawai ta faru ba. A 2002 gwamnatin Tailan ta ƙaddamar da shirin Global Thai don ƙara yawansu a ƙetare, tana tallafa wa masu girki da horo da rance, domin kowane gidan abinci kasuwa ce ga shinkafa da kayan miyan ƙasar. Ma'aikatar kasuwanci kuma na ba da shaidar Thai Select ga waɗanda suka riƙe ɗanɗanon asali. Sai dai wannan shaida ta ɗanɗano ce, ba ta halal ba, don haka tambaya tana kan mai ci.