Uwargida, Kin San Yadda Ake Cewa "A Ɓoye" Da Faransanci?

Matar da ke da 'ya mai karatun Faransanci, ko a sakandare ko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko kuma take ciniki da 'yan uwanmu na Nijar a kasuwar Sabon Gari ta Zariya, ba ta rasa jin wannan harshe jefi-jefi. Akwai kalmomin da ya kamata ki kasa kunne in an furta su, wato na yin abu a ɓoye, domin ba duka nauyinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙi ita ce "en cachette", ana furta ta an kashet. Yaron da ya saci jiki ya kurɓi ruwa da azumi, "en cachette" ya yi. "Discrètement" kuwa sau da yawa yabo ce, kamar ki miƙa wa maƙwabciya sadaka ba tare da kin kunyata ta ba.

Amma in kika ji 'yarki tana gaya wa ƙawarta za su fita "en douce", wato an dus, to akwai lauje cikin naɗi. "Douce" na nufin mai taushi, sai dai kada taushin ya ruɗe ki, sulalewa ake nufi ba da saninki ba.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce "sous le manteau", ma'ana ƙarƙashin alkyabba. Da ita ake kwatanta cinikin kayan da hukuma ta haramta, irin su ƙwayoyi da wasu mayukan bilicin. In mai kaya ya ce ta haka zai kawo miki, bar masa abinsa.