Bin Sawun Madogarar Littattafan Ilimi

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin Murray Last na tarihin Daular Sakkwato, wanda aka buga a 1967, ya kuma yi niyyar tabbatar da hujjojin da ke ƙasan shafukansa, lalle sai ya yi guzurin haƙuri, domin yawancinsu rubutun hannu ne na Larabci, wasu a taskar Waziri Junaidu, wasu a Ibadan ko Kaduna. Samun rubutun da aka kafa hujja da shi ma bai raba gardama ba. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, alal misali, hannuwa da yawa sun kwafe shi, kowane kwafi da adadin warƙoƙinsa, saboda haka wajibi ne a tantance wanda Murray Last ya riƙe, kafin a tuhume shi da kuskure wajen naƙaltowa.