Ɓawon kwakwa a cikin gam: abin da samfefa ta nuna mana

Duk wanda ya taɓa liƙa karyayyen abu da Araldite ya san ifoksi, ko da bai san sunansa ba. Ruwa biyu ne, ɗaya gam, ɗaya mai daskarar da shi. Ka gauraya, ka jira, ya zama kamar dutse. Sai dai dutsen nan akwai tsada, kuma in ana gogarsa kullum cinyewa yake yi.

Ni dokin ƙofar ajinmu a nan Kumasi ne ya kai ni ga wannan batu. Simintin wurin ya zaizaye, ya yi rami, yara suna ta tuntuɓe. Sau biyu ana cikewa da siminti, yana tashi. Sai na tuna tun muna kwalejin horon malamai an faɗa mana cewa ana zuba garin ɓawon tsirrai a cikin ifoksi don ya ƙara jure guga. Ɓawon kwakwa kuwa, kun san yadda yake jibge a bakin titi.

Masu bincike suna da injin gwada wannan: a danna guntun abin a kan faifan ƙarfe mai juyawa, a auna nauyinsa kafin da bayan, abin da ya ragu shi ne abin da guga ta ci. Mu ba mu da inji, sai samfefa da bulo. Muka daka ƙoƙon kwakwa a turmi, muka tankaɗe, muka yi curi uku: ɗaya gam zalla, ɗaya da gari kaɗan, ɗaya kuma gari kusan rabi. Kowane curi aka ɗora masa bulo, aka ja shi sau 100 a kan samfefa, aka tara ƙurarsa a takarda.

Yara duk sun ce mai gari da yawa ne zai ci gasa. Ina! Shi ya fi kowanne zubewa. Mai gari kaɗan ne ya fi ƙarancin ƙura.

Dalilin a fili yake in an duba. Ƙwayoyin ɓawon suna da tauri, su ke tarar gugar, su kare gam ɗin da ke riƙe da su. To amma in gari ya yi yawa, gam ba ya isa ya lulluɓe kowace ƙwaya. Sai su dunƙule, su bar ramukan iska. Da an goga sai su fita, kuma wanda ya fita ya koma yashi yana cin sauran. Akwai kuma matsalar ruwa: kayan tsiro suna shan danshi, su kumbura, su rabu da gam. Shi ya sa ake jiƙa su a ruwan sodar da ake sabulu da ita, a wanke, a shanya su bushe ƙayau. Sodar nan fa tana ƙona fata, ifoksi ma yana sa ƙaiƙayi, dole a sa safar hannu. Mutanenmu na Tamale kuma suna da buntun shinkafa, wanda kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa silika ne, sinadarin da ke cikin yashi.

Da labari ya kai gida, mahaifin wani ɗalibina da ke gyaran mota a Suame Magazine ya tare ni. Ya ce, "Malam, wannan abin naku zai yi takalmin birki?" Tambayar tana da tushe. Asbesto da aka daɗe ana sa wa a birki ƙurarsa na jawo sankarar huhu, kuma makanikai ke shaƙarta. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada ɓawon ƙwallon kwakwar manja a madadinsa. Amma na ce masa, "Maigida, don Allah kar ka gwada a gareji." Kayan tsiro suna fara lalacewa in zafi ya kai wajen digiri 200, birkin turoturo mai cike da mutane a gangare kuwa yana wuce haka. Abin da ya jure takalmin yara ba lallai ya jure wannan ba.

Dokin ƙofar dai mun cike shi da haɗin mai gari kaɗan. Damina ɗaya ta wuce, tsakiyar da ake takawa tana nan sumul. Kusurwar hagu ce ta ɗaga, inda muka yi gaggawa muka zuba garin da bai gama bushewa ba.