Mudashiru Obasa: Tarihin Siyasa Da Zaɓukan Ɗan Majalisar Da Aka Tsige Ya Dawo

A ranar Litinin, 13 ga Janairun 2025, 'yan Majalisar Dokokin Jihar Legas suka tsige kakakinsu, Mudashiru Ajayi Obasa, a lokacin da yake ƙasar Amurka. Bayan kwana 49, a ranar 3 ga Maris, majalisar ta sake zaɓensa kan wannan kujera. Wannan lamari ya sa jama'a da dama suka koma bincikar tarihin ɗan majalisar mai wakiltar mazaɓar Agege ta ɗaya, da kuma tambayar inda ƙarfin ɗan majalisar jiha yake fitowa: daga masu jefa ƙuri'a ne, ko daga takwarorinsa na zauren majalisa, ko kuwa daga jam'iyya?

Daga kansila zuwa majalisar jiha

An haifi Obasa a shekarar 1972, ya kuma yi karatun lauya a Jami'ar Jihar Legas. Ya fara riƙe muƙamin siyasa ne da dawowar mulkin farar hula, inda ya zama kansila a ƙaramar hukumar Agege daga 1999 zuwa 2002 a ƙarƙashin jam'iyyar AD, wadda Bola Ahmed Tinubu ya ci zaɓen gwamna a cikinta. Daga nan ya haura zuwa majalisar jiha.

Agege ba baƙon wuri ba ne ga Hausawa. Tun zamanin fataucin goro da shimfiɗa layin dogo suka kafa zango a can, kuma har yau suna da sarkinsu da masallatansu da kasuwanninsu. Saboda haka duk mai neman kujera a yankin sai ya nemi ƙuri'ar Yarbawa da ta Hausawa da ta sauran ƙabilun da ke zaune a wurin.

Obasa ya lashe kujerar Agege ta ɗaya a zaɓen 2007 a jam'iyyar AC, ya maimaita a 2011 bayan ta koma ACN, sannan a 2015 da 2019 da 2023 a ƙarƙashin APC. Sunan jam'iyyar ya yi ta canzawa, amma gidan siyasar ɗaya ne, wato wanda Tinubu ke jagoranta. Ko a 2023, lokacin da Peter Obi na jam'iyyar LP ya fi Tinubu yawan ƙuri'u a Legas a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, APC ta farfaɗo a zaɓen 18 ga Maris, ta riƙe kujerar gwamna da mafi yawan kujerun majalisa, ciki har da ta Obasa.

Abin da tsarin mulki ya tanada

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ɗan majalisa damar daɗewa irin wannan. Gwamna ba ya wuce wa'adi biyu, amma ɗan majalisa ba a sa masa iyaka ba; muddin jam'iyya ta tsayar da shi, jama'a kuma suka zaɓe shi, zai iya komawa duk bayan shekara huɗu. Ba a buƙatar ya samu wani kaso na musamman, wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ne ya ci.

Sashe na 91 ya ce kujerun majalisar jiha ba za su gaza 24 ba, ba kuma za su wuce 40 ba. Legas, kamar Kano, tana da 40 cif, inda kowace daga ƙananan hukumominta 20 ke da mazaɓu biyu.

Kujerar kakaki kuwa dabam take. Ba talakawa ke zaɓensa ba, 'yan majalisa ne ke fitar da shi daga cikinsu. Sashe na 92 ya ba su ikon sauke shi da ƙuri'ar aƙalla kashi biyu cikin uku na mambobi, wanda a Legas ke nufin mutum 27. Ke nan mutum zai iya zama ba ya kayuwa a mazaɓarsa, amma a wayi gari abokan aikinsa sun raba shi da shugabanci.

Shekara goma a kan kujerar kakaki

A watan Yunin 2015 aka zaɓi Obasa kakaki, inda ya gaji Adeyemi Ikuforiji, wanda ya riƙe muƙamin tun 2005. An sake zaɓensa a 2019 da 2023.

A zamaninsa majalisar ta zartar da dokokin da suka ja hankalin ƙasa. Akwai dokar kafa rundunar tsaron unguwanni ta 2016, da dokar kiyaye harshen Yarbanci da bunƙasa shi ta 2018. A watan Satumban 2021 kuma ta amince da dokar harajin VAT na jiha da dokar hana kiwo a fili, wadda ta shafi makiyaya da 'yan kasuwar dabbobi kai tsaye, waɗanda yawancinsu 'yan arewa ne.

Haka kuma majalisar ta sha nuna wa ɓangaren zartarwa cewa tana da haƙora. A farkon 2019 ta yi barazanar tsige Gwamna Akinwunmi Ambode a kan batun kasafin kuɗi. A watan Agustan 2023 ta ƙi amincewa da mutum 17 daga cikin 39 da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya aika mata domin naɗa su kwamishinoni da masu ba da shawara, ko da yake daga baya an sake gabatar da wasunsu an kuma amince da su. A watan Nuwamban 2024, yayin gabatar da kasafin kuɗi, Obasa ya taɓo batun takarar gwamna a gaban Sanwo-Olu, yana mai nuna cewa bai gaza cancanta ba. Masu sharhi da dama sun ɗauki wannan zama a matsayin alamar cewa dangantaka ta yi tsami.

Tsigewa da dawowa

A zaman 13 ga Janairu, Femi Saheed mai wakiltar Kosofe ta biyu ne ya gabatar da ƙudurin tsigewar. An zargi Obasa da rashin ɗa'a a aiki, da danniya, da almubazzaranci da kuɗin majalisa. Fiye da kashi biyu cikin uku na mambobi suka goyi baya, aka kuma zaɓi mataimakiyarsa, Mojisola Lasbat Meranda mai wakiltar Apapa ta ɗaya, wadda ta zama mace ta farko da ta shugabanci majalisar.

Da ya dawo gida, Obasa ya musanta zarge-zargen, ya ce ba a bi ƙa'ida ba, don haka shi ne kakaki har yanzu. Ya garzaya kotu. A ranar 17 ga Fabrairu jami'an hukumar tsaro ta DSS suka bayyana a harabar majalisar, aka yi hatsaniya, sannan mafi yawan mambobi suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da Meranda. A ranar 27 ga wata Obasa ya koma majalisar da rakiyar jami'an tsaro, ya jagoranci zama da mambobi ƙalilan.

Rikicin bai lafa ba sai da dattawan APC suka shiga tsakani, musamman tsohon gwamnan Osun, Bisi Akande, da tsohon gwamnan Ogun, Olusegun Osoba. A ranar 3 ga Maris Meranda ta yi murabus ta koma kujerar mataimakiya, Obasa ya koma tasa. Bayan 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya gana da 'yan majalisar a fadarsa da ke Abuja.

A ranar 16 ga Afrilun 2025, Mai Shari'a Yetunde Pinheiro ta Babbar Kotun Jihar Legas da ke Ikeja ta soke zaman 13 ga Janairu da duk abin da aka yanke a cikinsa. Hujjarta ita ce majalisar tana hutu a lokacin, kuma ba a bi ƙa'idojinta na kiran zama ba. Hukuncin ya tsaya ne a kan hanyar da aka bi, bai wanke kowa ko ya kama kowa da laifi a kan zarge-zargen ba.

Abin da tarihin ke nunawa

Tarihin Obasa ya nuna cewa kujerar ɗan majalisar jiha a kan duwatsu uku take, kamar tukunya a murhu. Na farko mazaɓa ce, kuma a nan ya yi ta samun nasara. Na biyu takwarorinsa ne, waɗanda suka zaɓe shi sau uku, sannan suka juya masa baya. Na uku jam'iyya ce, wadda ita ke ba da tikiti, ita kuma ta mayar da shi bayan mafi yawan mambobi sun nuna wadda suke so.

A nan ra'ayoyi suka bambanta. Masu suka na ganin dawowar tasa ta nuna cewa 'yancin majalisa a takarda kawai yake, tunda shawarar manyan jam'iyya ta rinjayi ta zaɓaɓɓun wakilai. Magoya bayansa kuwa na cewa hukuncin kotu ya tabbatar da cewa yawan ƙuri'a ba ya halatta tsallake ƙa'ida.

Batun ya wuce Legas. Majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke da ikon tsige gwamna, kuma ba a gyara kundin tsarin mulki sai da amincewar aƙalla 24 daga cikin majalisu 36. Duk da haka, da yake a yawancin jihohi zaɓenta rana ɗaya ake yi da na gwamna, masu jefa ƙuri'a da yawa kan bi alamar jam'iyya ba tare da duba ɗan takara ba. Wa'adin majalisar Legas mai ci zai ƙare a watan Yunin 2027.