Wake Da Harawa: Abin Da Masana Suka Koya Wurin Manoman Kano

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau, a bakin hanyar Katsina, ya ga buhunan wake jibge ana lodinsu zuwa Ikko, ba ya bukatar a gaya masa darajar wake. Amma fa galibin waken nan daga ƙananan gonaki ya fito. Gonakin kewayen Kano tsukakku ne, ba a hutar da su. Taki ke riƙe da su, takin kuwa daga tumaki da awaki yake fitowa, su kuma harawa ke riƙe da su da rani. To, a riƙe wannan, don a nan maganar take.

Cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan cikin 1967, ta fito da wani wake mai nuna cikin kwana 60 a shekarun 1980. A gonar gwaji ya yi kyau ainun, gama ana shuka shi zalla, ana yi masa feshi a kan kari. Da ya iso ƙasar nan sai manoma da yawa suka ja baya. Mai kallo daga nesa ya ce taurin kai ne. Ashe lissafi ne. Manominmu cikin gero da dawa yake shuka wake, ba kullum yake da kuɗin magani ba, sabon waken kuwa gajere ne, ba ya yaɗo. In ya bar Kanannado, me zai ɗora bisa rufin ɗaki don tumakinsa? Ai da bazara ƙullin harawa kuɗi ne a hannu.

Cikin 1990 cibiyar ta buɗe reshe a Kano, da gonar gwaji a Minjibir. Dakta B. B. Singh, mutumin Indiya, da abokan aikinsa suka shiga ƙauyuka suna duba yadda ake shuka, suna tambaya. Daga nan aka sami iri mai ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya, kamar IT90K-277-2. (Sunan dai sai malamai, manomi ba ya kiransa.) A ƙasar Bichi aka gwada layi biyu na dawa, layi huɗu na wake, cikin gonakin mutane da dabbobinsu. Wanda ya ga amfani ya sayar wa maƙwabcinsa iri, haka ya yaɗu.

Har wa yau da sauran aiki. Mai tuya ƙosai ita ta san waken da ke surfuwa da wuri, da wanda ke kumbura, ita ce kuwa babbar mai saye a awo. Amma malaman gona galibinsu maza ne, gida kuwa ba shiga. In ba a ƙara malamai mata ba, ta ina maganarta za ta kai ga mai fito da iri? Haka ɗan kasuwar Dawanau: ya san wace ƙwaya mutanen Kudu ke nema, fara ko ja, amma ba safai ake zama da shi ba sai iri ya riga ya fito.

Ga misalin abin da ya yi kyau. Daga 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa buhun PICS mai ruɓi uku, watau leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowanne da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Ba a tsaya kan wa'azi ba. Mutanen ƙauye, maza da mata, su suka kawo wakensu aka ɗaure a bainar jama'a, bayan watanni aka kwance kowa na gani. 'Yan kasuwa su tuna cewa cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, maganin kuwa yawanci a sito ake zuba shi.