Ko ka sani? Mai zanen da ya feɗe dawakai kafin ya zana su

Ko ka san an yi wani mai zane da ya shafe wata 18 yana kwana yana tashi da gawar dawakai, don kawai ya iya zana doki yadda Allah ya halicce shi? Sunansa George Stubbs, mutumin Ingila, haifaffen Liverpool a 1724. Mahaifinsa majemi ne, don haka tun yana yaro hancinsa ya saba da warin fata.

A 1756 ya tare a wani gidan gona a ƙauyen Horkstow, ba mai taya shi aiki sai abokiyar zamansa Mary Spencer. Idan aka kawo doki, sai ya tsiyaye jininsa ta jijiyar wuya, ya ɗura narkakken kitse a cikin jijiyoyin don kada su motse. Sannan ya rataye shi da ƙugiyoyi a jikin sandar ƙarfen da ya kafa a rufin ɗaki, ya sa katako a ƙarƙashin kofatai, doki ya tsaya cak kamar mai rai. Daga nan sai fiɗa. Mahauci kan gama da sa guda kafin kasuwa ta cika, amma shi Stubbs yakan yi mako shida ko bakwai a kan doki ɗaya. Ya yaye fata ya zana abin da ya gani, ya ɗauke tsokar sama ya zana ta ƙasa, yana bin jijiya ɗaya bayan ɗaya har ya tarar da ƙashi. Ba firiji a wancan zamani. Duk wanda ya taɓa mance ɗanyen naman layya a ɗaki na kwana uku ya san irin ɗoyin da bawan Allahn nan ya jure.

Da ya kai zanen Landan, masu sassaƙa hoto a farantin tagulla don ɗab'i suka ƙi karɓar aikin. Sai ya zauna ya sassaƙa da hannunsa, da sassafe da kuma dare, da rana yana zana dawakan masu kuɗi don ya ci abinci. Littafinsa, The Anatomy of the Horse, ya fito a 1766 da zane 18, uku na ƙwarangwal, 15 na tsoka da jijiyoyi.

Wahalar kuwa ta biya. Wajen 1762 ya zana Whistlejacket, wani jan ingarma mai jinin dokin Larabawa, kusan daidai girmansa na zahiri, a kan ƙyalle mai tsawon kusan mita uku. Ba mahayi, ba sirdi, ba linzami, ba ko ciyawa a bayansa. Doki ne kawai ya ɗaga ƙafafun gaba sama, jijiyoyin cinyarsa sun fito raɗau, ido a waje. Ana ba da labarin cewa da ingarman ya hango hoton, sai ya zabura zai kai masa cizo da harbi, ya ɗauka wani namijin ne ya shigo masa barga. Mai ido da doki, irin wanda kan tsaya a hawan sallah yana duban ƙirji da agara maimakon kwalliya, zai gane abin da ya ruɗi dabbar.

Stubbs ya rasu a 1806. A 1997 gidan adana zane na National Gallery da ke Landan ya sayi Whistlejacket a kan fam miliyan 11, kuma yana rataye a can har yau.